Yadda ake sayen zoben zakarun wasanni na hannu daga nan Maraɗi

Duk wanda ya taɓa ganin yadda gari ke fitowa tarbar ɗan kokowar da ya ci takobi ya san cewa darajar takobin tana ga hannun da ya ɗaga shi. Haka zoben zakara yake a Amurka da Kanada. Ƙungiyar da ta ci gasar ƙwallon kwando ta NBA, ko Super Bowl na ƙwallon ƙafar Amurka, ko World Series ta bezbol, tana sa a ƙera zobba ɗauke da tambarinta da shekarar nasara da sunan kowane ɗan wasa. Al'adar ta daɗe: New York Giants ta bezbol sun karɓi nasu a 1922, zoben Super Bowl na farko kuma Green Bay Packers aka yi wa a 1967, da lu'ulu'u ɗaya tak a samansa. A ƙwallon ƙafa lambar wuya ake bayarwa, sai dai wani ɗan wasa ya yi abin daga aljihunsa, kamar yadda Didier Drogba ya yi wa abokan wasansa na Chelsea bayan kofin Turai na 2012.

Zobban nan suna fitowa kasuwa idan mai shi ya shiga matsi, ko ya rasu magada suka sayar. Kafin ka tambayi kuɗi, tambayi abu ɗaya: wa aka ƙera wa zoben?

Na wa ne?

Nasara guda tana haifar da zobba iri-iri masu kama da juna kamar an tsaga kara, amma tsakanin farashinsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. A sama akwai na ƴan wasa da masu horarwa da masu ƙungiya, zinariya da lu'ulu'u na gaske. Ƙasa da shi akwai na ma'aikata, wanda sau da yawa ake rage masa girma, ko a sa masa dutsen zirkoniya mai ƙyalli a madadin lu'ulu'u, ko a ƙera shi da wani farin ƙarfe da ba zinariya ba; kamfanin Jostens yana kiran nasa Lustrium. Sai na iyali, wanda ɗan wasa ke sa a yi wa mahaifinsa ko matarsa. Sai samfurin da wakilan kamfani ke yawo da shi suna nuna wa masu saye, wanda yakan ɗauki sunan fitaccen ɗan wasa alhali bai taɓa shiga yatsarsa ba. Nan ne mutane suka fi faɗawa, domin tambarin kamfanin na gaske ne, sunan ma ga shi ɓaro-ɓaro. Daga nan sai na ƴan kallo, wanda ake sayarwa da izini ko a raba kyauta a filin wasa. A can ƙasa kuma jabu, na tutiya da aka wanke da ruwan zinariya.

Ɗauki Toronto Raptors da ta ci NBA a 2019, ƙungiyar da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya jagoranta, da Pascal Siakam na Kamaru a cikin fili. Zoben ƴan wasanta kamfanin Baron na Kanada ya ƙera shi, da lu'ulu'u fiye da 600. A daren da aka ba su, an raba wa dubban ƴan kallo kwaikwayonsa. Saboda haka zoben Raptors da ka gani a WhatsApp ana neman jika ashirin a kansa, ko dai ɗaya daga cikin na rabon nan ne, ko kwaikwayon kwaikwayo.

Ga abin da na sama ke kaiwa, don kada wani ya yi maka romon baka. Zoben Lawrence Taylor, ɗan ƙwallon ƙafar Amurka, na Super Bowl na 25 ya tashi a dalar Amurka 230,401 a 2012. Na Bill Russell, ɗan ƙwallon kwando, na 1957 ya kai 705,000 a 2021. Wanda Kobe Bryant ya sa aka yi wa mahaifinsa na gasar NBA ta 2000 an saye shi 927,200 a 2024, kuma ka lura na iyali ne, sunan ne ya ɗaga shi. Dalar Amurka fa ake magana, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Mai farawa ya nufi na ma'aikata, ko na ƙananan gasanni da jami'o'i, ko na ƴan kallo mai izini, matuƙar ya san abin da ya riƙe.

Takarda kafin ƙarfe

Zoben da ba a san hannun da ya fito ba, kuɗinsa kuɗin nauyinsa ne kawai. Nemi wasiƙa mai sa hannun wanda aka ba zoben ko magajinsa, da akwatinsa na asali, da shaidar gwanjon da ya taɓa bi. Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage Auctions da Goldin da SCP Auctions da Lelands suna barin hotunan abin da suka sayar a shafukansu na intanet. Buɗe su ka nemo zobe irin wanda ake yi maka talla, shekara ɗaya, ƙungiya ɗaya, ka jera hotunan gefe da gefe. Takardar shaida da mai sayarwa ya buga da kansa ba ta da wani nauyi, wanda ya iya ƙera zoben jabu takarda ba za ta gagare shi ba. Binciki sunan da ke jiki ma, ka ga ko mutumin yana cikin ƙungiyar a wannan shekarar. Akwai kuma zobban da ke da igiya a ƙafa: ƙungiyar bezbol ta Chicago Cubs, bayan nasarar 2016, ta nemi ma'aikatanta su sa hannu cewa duk mai son sayarwa sai ya fara yi wa ƙungiyar tayi a kan dala ɗaya.

Idan daga nesa kake saye, ka buƙaci hoto shida a ƙalla: sama, gefe biyu, ƙasa, cikin zoben inda tambari yake, da zoben a kan sikeli ana ganin lambar giram. Wanda ya ce wayarsa ba ta ɗaukar cikin zobe, bar shi da kayansa.

Gwaji idan ya shigo hannu

Fara da ciki. Za ka ga sunan maƙera, Jostens ko Balfour ko Tiffany & Co. ko Baron ko Jason of Beverly Hills, tare da alamar 10K ko 14K. 10K na nufin kashi 41.7 cikin ɗari zinariya ne, 14K kuma kashi 58.5. Sunan kamfanin dole ya dace da shekarar. Zoben Raptors na 2019 mai tambarin Jostens ya tona kansa. Da gilashin maƙera mai ninka girma sau goma, dubi haruffa: na gaske gefensu kaifi ne, na jabu kuwa sun yi dusu-dusu kamar sabulun da ya sha ruwa, saboda daga jikin wani zoben aka kwafi zubin. Duwatsun na gaske ƙananan faratan ƙarfe ne ke riƙe da su, na jabu gam ne, kuma za ka ga busasshen gam ɗin a gindinsu. Ƙirga su inda adadin sananne ne. Zoben New England Patriots na Super Bowl na 51 lu'ulu'u 283 gare shi, don tuna yadda aka ba su 28 da 3 suka dawo suka ci.

Maganaɗisu baƙin ƙarfe da irinsa yake kamawa, ba ya kama zinariya. Idan ya ja zoben, magana ta ƙare; idan bai ja ba, ba ka tabbatar da komai ba, don tutiya da tagulla ma ba ya jan su.

Gwajin ruwa ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma duk maƙerin fari mai ƙaramin sikelin giram zai iya yi maka. A auna zoben a bushe. A ɗora kofin ruwa a sikeli a mayar da shi sifili. A ɗaure zoben da siririn zare a nutsa shi duka, kada ya taɓa ƙasan kofin ko gefensa. Lambar da ta fito ita ce girman jikinsa. Sai a raba nauyin farko da ita. Zinariyar 10K tana bayar da kusan 11.5, 14K kusan 13, tagulla wajen 8.5, tutiya wajen 7. Misali, zobe mai giram 62 da ya nuna 5.5 a ruwa ya ba da 11.3, ya yi daidai da 10K. Mai giram 48 da ya nuna 7 ya ba da 6.9, tutiya ce zalla. Abu biyu ke ɓata lissafin: kumfar iska da ke maƙalewa a ƙarƙashin duwatsu, sai a girgiza zaren ta fita, da yawan duwatsun kansu, waɗanda ke ɗan sauke lambar. Sababbin zobba masu murfin da ake cirewa, irin na Lakers na 2020, ba su dace da wannan gwajin ba saboda ramin da ke cikinsu.

Kada ka yarda a goga shi a dutse a ɗiga ruwan gwaji kamar yadda ake yi wa sarƙar amarya. Gogar tana barin tabo, tabon kuma yana cin kuɗi. Na'urar gwada lu'ulu'u mai aiki da zafi tana kama zirkoniya, amma moisanait, wani dutse mai kama da lu'ulu'u, yana yaudarar ta.

Lissafin kuɗi da hanya

Farashin da guduma ta faɗa a kansa ba shi za ka biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora la'adar mai saye, kusan kashi 20 cikin ɗari ko fiye kaɗan. Zoben dala 5,000 ya zama 6,000. Idan a ranar dala ɗaya tana sefa 600, miliyan uku da jika ɗari shida ke nan, tun ba a zo ga kuɗin aikowa da inshora da ladan banki ba. A Yamai kuma duwan na jira, ga harajin TVA na kashi 19. Tambayi kamfanin aikowa tun farko ko yana ɗaukar kayan zinariya zuwa Nijar da iyakar kuɗin da inshorarsa ke rufewa. Masu rage farashi a takarda don gudun duwan su sani, idan kunshin ya ɓace, abin da suka rubuta shi za a biya su. Mai ɗan'uwa amintacce a Amurka ko Faransa gara a kai wa shi, ya duba tun lokacin mayarwa bai wuce ba. Kuɗi kuma kada ya bi ta hanyar da ba a iya dawo da shi zuwa ga mutumin da ka sani a Facebook kawai.

Yi lissafin narkewa ma. Giram 60 na 10K zinariyarsa zalla kusan giram 25 ce, kuma ita kaɗai maƙeri a babbar kasuwar Maraɗi ko Katsina zai biya ka. Ranar da ka so sayarwa da darajarsa, sai ya koma inda ya fito, da takardunsa cif.

Akwai abin da ya kamata a kai gaban malam kafin a biya: zinariya haramun ce ga namiji ya sa, cinikinta da kuɗi ana sharɗanta hannu da hannu, wanda saye ta intanet ke tayar da tambaya a kansa, sannan idan zinariyar da ka tara ta kai nisabi, wajen giram 85, ta shekara, zakka ta hau.

Ajiya

Kada ka sa a rage shi ya dace da yatsarka. Hannun ƴan wasan nan manya ne, kuma girman zoben yana cikin shaidarsa. Yanka shi yakan tafi da tambarin ciki. Kada a wanke shi da injin ƙyalli. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin duwatsu, ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu da buroshin haƙori mai laushi sun isa. Ruwan jabel kuwa yana cin garwayen zinariya har faratan su karye. Kowane zobe a akwatinsa, don lu'ulu'un wannan yana karce jikin wancan. Na ruwan zinariya zufa da turare ke ɓare su, a zafin watan Afrilu ba sa jimawa a yatsa. Takardun a sa su cikin leda a wani wuri daban da zoben, nesa da gara, a kuma ɗauki hotonsu a ajiye a waya.