Yadda za ka tsare rayuwarka a tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska

Dokokin tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda hukumar wasan ta duniya, World Sailing, ke sabuntawa duk bayan shekara huɗu, sun ɗora wa mutanen cikin jirgi kaɗai alhakin yanke shawarar shiga tsere ko ci gaba da shi. Ma'ana, ko da shugabannin kulob sun ɗaga tutar fara tsere, kai ne za ka auna ƙarfinka da lafiyar jirginka ka ga ko fita ta kama ka a ranar. Sabon shiga yakan ji kunyar cewa ba zai fita ba alhali sa'o'insa suna tura jiragensu cikin ruwa, kuma wannan kunyar ta fi ƙarancin kayan aiki jefa mutane cikin hatsari.

Kafin ka bar gida ka duba hasashen yanayi, kuma ka fi mai da hankali kan ƙarfin iskar da ke bugowa ba zato, domin ita ce ke kifar da jirgi. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take danna ƙyallen jirgi da shi yakan ninka sau huɗu. A ma'aunin ƙarfin iska na Bofot, mataki na 6 yana nufin iska mai gudun kilomita 39 zuwa 49 a awa, kuma wanda bai ƙware ba, ba shi da dalilin fita da ƙaramin jirgi a irin wannan yanayi. Iskar da ke tasowa daga tudu zuwa cikin teku ta fi yaudara, saboda ruwan bakin gaɓa yakan kwanta luf, sai ka yi nisa sannan ka tarar komawa ta yi wuya.

A ƙaramin jirgi na mutum ɗaya ko biyu ana sa rigar kariya daga nutsewa mai ƙarfin niyuton 50 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfin da rigar ke ɗaga mutum da shi a ruwa), wadda ke taimaka wa wanda ya iya iyo kuma yake cikin hayyacinsa. A babban jirgi ana son mai niyuton 150, wadda aka ƙera don ta juyo da fuskar wanda ya suma sama. Ka ɗaure igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba rigar za ta haura maka har kunne da zarar ka faɗa ruwa. Idan masu shirya tsere suka ɗaga tutar da ake kira Y, sa rigar ya zama dole, sai dai mai hankali ba ya jiran tuta. Ka rataya usur da wuƙa a inda hannu ɗaya zai kai, sannan ka rubuta sunanka a rajistar fita, ka kuma soke shi da ka dawo, don kada a tashi neman wanda ya riga ya isa gida.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi raunata mutane a cikin jirgi shi ne sandar da ke kwance a ƙasan babban ƙyalle. Idan iska tana bayan jirgi kuma matuƙi ya ɗan karkata ba da niyya ba, sandar kan tsallako daga wannan gefe zuwa wancan cikin ƙiftawar ido, daidai tsayin kan mutum. A tseren Sidni zuwa Hobat a ƙasar Ostareliya na Disambar 2024 mutum biyu sun rasu a dare guda, ɗayansu wannan sandar ce ta buge shi. Saboda haka matuƙi ya riƙa sanar da juyi da babbar murya, kowa ya sunkuya, kuma kada wani ya zauna a hanyar igiyar da ke riƙe da sandar.

Kifewa kuwa ba abin mamaki ba ce a ƙaramin jirgi, don haka ya kamata ka gwada ta da gangan a ranar da iska ta kwanta, jirgin ceto na kusa. Idan ta auku a tsere, fara da kiran abokin tafiyarka har sai ka ji muryarsa, domin mai yiwuwa igiya ko ƙugiyar ɗamarar da yake rataya jikinsa da ita a jirgi ta maƙale a ƙarƙashin jirgi, kuma a nan wuƙar nan take amfani. Daga nan ka kama jirgin kada ka sake shi. Jirgin da ya kife yana shawagi kuma ana hango shi daga nesa, amma kan mutum a tsakanin raƙuman ruwa yakan ɓace wa ido nan da nan, gaɓar kuma kullum ta fi yadda ido ke nunawa nisa. Ɗayanku ya zagaya ya hau allon da ke fitowa daga ƙasan jirgin, ya jingina baya da nauyinsa a hankali har jirgin ya miƙe.

Idan sanyin ruwan ya kai ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salsiyos, jiki yakan firgita da faɗawa, mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa. Kada ka soma iyo a wannan lokacin. Ka kwanta rigingine, ka buɗe hannuwa da ƙafafu, ka jira minti ɗaya ko biyu numfashinka ya daidaita.

A babban jirgi babbar musiba ita ce mutum ya faɗa ruwa jirgin ya wuce ya bar shi. Da dare ko lokacin hadari ka maƙala igiyar ɗamararka a jikin jirgi tun kafin ka fito daga ɗaki. Idan wani ya faɗa, a yi ihu, a jefa masa abin shawagi, a danna maɓallin da ke adana wurin a na'urar GPS, a kuma ware mutum ɗaya wanda aikinsa kawai nuna shi da yatsa ba tare da ɗauke ido ba. Tasha ta 16 a rediyon sadarwar jiragen ruwa, wato VHF, ita ce ta neman agaji, kuma kalmar Mayday ta halin da rai ke cikin hatsari ce kaɗai. An tsaurara ƙa'idojin tsaro da dama bayan tseren Fastnet na Agustan 1979 a tekun da ke tsakanin Birtaniya da Ayalan, wanda jirage 303 suka fara, guguwa ta hallaka 15 daga cikin masu tseren.

A wurin layin farawa da wuraren juyawa jirage sukan cunkushe. Jirgin da iska ke bugowa ta gefensa na hagu shi ne zai kauce wa wanda take bugowa ta dama, amma ko kai ne mai gaskiya doka ta wajabta maka guje wa karo muddin akwai hali. Dokar farko a littafin dokokin tsere kuma ta umarci kowane jirgi ya ba da duk taimakon da zai iya ga wanda ke cikin hatsari. Idan ka tsaya ceton wani, ka lura da lokacin da ka tsaya da lokacin da ka koma tsere, ka kai wa kwamitin ƙararraki bayan an sauka, domin yana da ikon gyara maka sakamakonka.