Masu karatun nas ta intanet, kar makin gwaji ya ruɗe ku

Salam 'yan uwa na Nima da Mamobi a Accra. Makin gwajin farko kawai za ku ɗauka da gaske.

In kun maimaita kun ci 90, wallahi haddace wurin amsar kuka yi.

Ku sa agogo, ku rufe littafi, ku kife waya, duk tambayar da kuka faɗi ku karanta dalilin amsar. Jarrabawar ƙarshe takan kawo marasa lafiya ne, mai hawan jini, mai suga, ta ce wa za ku fara dubawa, a NCLEX ma, jarrabawar lasisin nas ta Amurka, in kun amsa ba komawa baya.

Amma fa dabarar ba ta aiki a firatikal, sa allura sai a asibiti.