Kurakuran da ake yi game da kullewar konbata a motar otomatik

Tsakanin injin da giyabos na motar otomatik akwai konbata, wadda ke isar da ƙarfi ta hanyar mai. Lokacin tashi daga tsaye takan ninka ƙarfin juyin injin kusan sau biyu, amma da santsi take yin haka, santsin kuwa yana cin fetur yana kuma dafa man giya. Shi ya sa aka sa mata kuloci a ciki, wanda ke ɗaure injin da giya wuri guda idan gudu ya daidaita. Kamfanin Packard na Amurka ya yi amfani da wannan dabara tun 1949.

Direban da ya miƙe hanyar Garwa zuwa Marwa a Kamaru yakan ga allurar juyin injin ta ɗan sauka bayan motar ta gama canja giya, ya taɓa totur ya ji ta yi nauyi, sai ya ɗauka giyabos ya fara mutuwa. Lafiyarsa ƙalau, kulocin ne ya kama, kuma muddin yana riƙe babu ninkin ƙarfi. Mai son wuce tirela sai ya taka totur sosai tun da wuri, domin kwamfutar motar ta saki kulocin ta sauke giya.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne cire wayar solonoyid, wato bawul ɗin lantarkin da ke kulle kulocin, wai don motar ta ƙara kuzari. Tashin mota daga tsaye ba ya canzawa, tun da a lokacin kulocin a sake yake. Abin da ke ƙaruwa zafi ne, domin konbata za ta yi ta santsi tsawon tafiya, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ko a hawan falez, wato dutsen hanyar Ngaundere, da kaya cike, man giya yakan ƙone ya yi baƙi, daga nan faya-fayan giyar su bi baya. A mayar da wayar, a nemi ainihin ciwon.

Karkarwar da ake ji a matsakaicin gudu, kamar an hau hanya mai gargada, sau da yawa akan ɗora wa fulogi laifinta. Gwajin mai sauƙi ne: a riƙe totur yadda yake, a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, a motoci da yawa hakan na sakin kulocin, in karkarwar ta ɓace to zargi ya koma kan kulocin. Galibi tsufan mai ne ko man da bai dace ba, gama ba kowane jan mai ne na kowace mota ba. Toyota da aka rubuta mata man giya nau'in T-IV ko WS, shi za a zuba mata.

Cire tamostat mai daidaita zafin injin, wanda makanikai da yawa suka mayar al'ada, yana iya jinkirta kullewar, musamman da safiyar hunturu, domin kwamfuta tana jiran injin ya ɗumama. Lalataccen makunnin fitilar birki ma yana iya hana ta. In kuwa injin na mutuwa duk lokacin da aka tsaya, mai yiwuwa kulocin ya maƙale a kulle. Na'urar bincike takan nuna lambar matsala P0742, yayin da P0741 ke nuna yana santsi ko ya ƙi kamawa.