Permin Maraɗi ba ya buɗe kowace ƙofa, ku ji ni da kyau ƴan kamiyo

Wallahi na gaji. Satin ga kaɗai samari uku sun same ni majalisarmu ta bakin tasha, kowane da salula a hannu yana kunna mani murya guda ta WhatsApp, wai Amurka ta rasa direbobin manyan motoci har ta yafe ma baƙi jarrabawa, in kana da permin babbar mota ka kai kuɗɗi kawai a yi maka takarda ka hau jirgi. Na ukun ma har da ce mani "Baba ai ku kun tsufa, shi ya sa ba ku yarda da sabon abu." To na tsufa, amma bisa kujerar kamiyo na yi tsufan nan, shekara 24 tsakanin Maraɗi da Kano da Kotonu da Lome, kuma ramin da kuke rige-rigen faɗawa ni na riga ku shiga, har yau ƙafata ba ta gama warkewa ba.

Watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Duk mai cin abinci da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ya san abin da muka gani, motoci jere suna shan rana, batir na mutuwa a tsaye, maigida kullum sai dai ya ce a yi haƙuri. Cikin wannan zaman kashe wando ne wani mutum mai tsabtar kaya da ƙamshin turare ya riƙa zuwa yana saya mana shayi. Ya nuna mani hotunan tireloli masu dogon hanci, ya ce direban Afirka tsada gare shi can Amurka, abin da ake buƙata permi entarnasiyonal ne da takardar ɗaukar aiki, sauran shi zai ji da shi. Na saida gonar da na gada wajen Tibiri, na haɗa da tumakin uwargida biyu ba da son ranta ba, na ƙirga mashi jika 900 a hannu, ba shaida ba rasit. Bayan wata biyu ya kawo mani ɗan littafi mai ruwan toka da wata wasiƙa mai tambari har uku, daga ranar lambarshi ba ta sake shiga ba.

Na ɗauki hoton takardun na tura ma wani ɗan unguwarmu da ke tuƙi a Girinsboro ta Amurka, inda ƴan Nijar suke da yawa. Dariya ya yi har da tari, sannan ya ce in yafe mashi, ya zauna ya yi mani karatun da ya kamata in nema kafin in taɓa gonar ubana.

Permi entarnasiyonal fassara ce, ba wani abu ba. Permin ka na gida ne aka sake rubutawa cikin harsuna da yawa don ɗan sandan wata ƙasa ya gane mi aka yarda ka tuƙa. Yarjejeniya biyu ke bayanshi, ta Janeba ta 1949 wadda littafinta ke aiki shekara 1, da ta Biyana ta 1968 wadda ke kaiwa shekara 3. In ba ka riƙe da permin asali tare da shi, takardar ƙunshe ƙosai ce. Ba ya ƙara maka aji, mai B na ƙaramar mota ba ya zama mai C na babbar mota don ya yi shi, kuma ba ya ba ka izinin aiki a ƙasar kowa. Na baƙo ne mai wucewa.

Ita Amurka babbar mota tana da nata lasin daban, CDL suke ce mashi, doka ce tun 1986, kuma jiha ke bayarwa bayan ta gwada ka da kanta. Sassaucin da ake ta yaɗawa a waya gaskiya ne akwai shi, nan ne ƴan damfara suke samun bakin magana, amma ƙasa biyu kaɗai aka ambata da suna, Kanada da Meziko, maƙwabtansu da suka yi yarjejeniyar yarda da lasin juna, ta Meziko tun 1991. Ba Nijar ciki, ba Najeriya, ba Faransa, ba Ingila. Su ma ƴan ƙasashen biyun nan kaya suke shigowa da shi su sauke, su ɗauki na komawa gida, ba a yarda su ɗauki lodi daga Dalas su kai Shikago ba. Sauran waɗanda aka ɗauke ma nauyin su ne sojoji bisa motocin soja, ƴan kashe gobara, da manomi mai jan kayan gonarshi cikin mil 150 daga gonar, ba haya ba. Kai da ke Sabon Gari kana sauraren murya, wane ne kai cikin waɗannan?

Kowa banda su sai ya bi layi, jarrabawar rubutu, takardar koyo, gwajin likita, kuma tun 7 ga Fabrairu 2022 dole sai ka yi horo a makarantar da ke cikin rajistarsu kafin a gwada ka bisa mota. In za ka ƙetare daga jiha zuwa jiha sai ka cika shekara 21. Ga kuma Ingilishi, doka ce tsohuwa cewa direba ya iya karanta allon hanya ya amsa ma jami'i, amma a 2025 aka ɗaure ta tamau, daga 25 ga Yuni wanda ya kasa ana sauke shi daga mota nan take. Cikin Agusta na shekarar, bayan wani mummunan hatsari a Fulorida, suka tsaida ba direbobin manyan motoci bizar aiki. Daga farkon 2026 kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga. Ƙofa tana ƙara tsukewa, wani yana ce maku an cire ta gaba ɗaya, kuna tafa mashi. Faransa ma da kuke ganin harshenmu guda, permi kaɗai bai isa ba, sai ka yi horon da suke kira FIMO na awa 140 kafin kamfani ya ba ka makulli.

Ni dai abin da nake yi tun daga lokacin, duk wanda ya zo mani da labarin an yafe ko an sassauta, sai in ce ya nuna mani inda aka rubuta sunan Nijar. Ba "baƙi" ba, ba "ƴan Afirka" ba, Nijar. Sannan in kira wanda ke can yana tuƙi, kiran bidiyo, in gan shi zaune cikin kan mota. Kuma ba na ba da ko dala ga mutumin da ba shi da ƙofar da zan je in buga gobe. Wasu za su ce na cika tsanani, to ba su saida gona ba.

Na biyun da ya ci ni, nan kusa ne, kuma laifina ne ni kaɗai. Na kai lodin aya kasuwar Dawanau a Kano, na sauke lafiya. Maimakon in nemi kayan da za su Nijar, wani dillali ya ce ga masara za a kai wani gari can cikin Najeriya, kuɗɗin mota mai kyau, kwana biyu na dawo maigida bai ma sani ba. Kwaɗayi ya ja ni. Ban yi nisa ba aka tsaida ni a wani shinge, jami'in ya dubi lambar mota ta Nijar, ya dubi takardar kaya ya ga nan aka ɗauka kuma nan za a sauke, ya ce in gangara gefe. Na fito da permi ina ta bugun ƙirji wai ai mu ƴan SEDEYAWO ne ko'ina muna shiga. Ya ce Malam ba wanda ya ce ba ka iya tuƙi ba, cewa na yi motar ga ba ta da izinin yin wannan aikin. Kwana 9 motar ta yi wurin. Mai masara na zagi, maigida ya zo da kanshi daga Maraɗi, bai ce mani komi ba a gaban mutane, shirun nan ya fi mari zafi. Albashin wata huɗu ya tafi a nan.

Ku fahimci abin ga don Allah. Permi magana yake bisa kanka, cewa ka iya riƙe sitiyari. Takardar shigar mota magana take bisa motar, ta shigo baƙuwa za ta fita. Yarjejeniyar sufuri tsakanin ƙasashe da aka sa ma hannu a Kotonu a 1982 an gina ta ne bisa ɗaukar kaya daga wata ƙasa zuwa wata, lodin cikin gida na masu gida ne. Yadda ba za ku so motar Bene ta zo tana kwasar wake daga Tasawa zuwa Yamai tana bar ku zaune ba, haka su ma. Ai abin da Amurka ke gaya ma direban Meziko ke nan, ba sabon abu ba ne. Ni yanzu gara in dawo da mota wayam tana ƙara kamar gwangwani da in ɗauki buhu guda na cikin gidan wani.

Kuma ku yaran yanzu, abin da ke ba ni haushi da ku shi ne gaggawa. Yaro ya yi shekara 2 yana aparanti, wankin mota da sa waigi, ranar da ya samu C sai ya ɗauka ya zama sarkin hanya, maigida marar tsoron Allah ya damƙa mashi kai da bodi don ya fi arha. C na mota ce mai jiki guda da ta wuce tan 3.5. Da ka maƙala remok a baya, E ake nema. Shinge goma za su bar ka ka wuce da jika guda a hannu, kai kuma ka riƙa cewa ai ba a tambaya. Ranar da ka hau kan ɗan mutane, Allah ya kiyaye, ranar za a tambaya, kuma ƴan asurans su ne na farkon buɗe permin, su ga ba E su naɗe tabarmarsu, a bar ka da diyya kai da tsohuwarka. Ku je otoyekol ku ƙara ajin, kuɗɗin bai kai na salular da ke hannunku ba.

Haruffan ma ba iri guda ba ne ko'ina. A Najeriya tirela aji G ce, E ɗinsu wani abu ne daban da namu, shi ya sa wani jami'in zai kalli E ɗinka ya ce ba ta tirela ba ce. Nan ne kaɗai na ga amfanin ɗan littafin nan na entarnasiyonal, na gaskiya wanda ka yi da kanka a ofishin sufuri, don yana bayyana irin motar da kowane harafi ke nufi. Masu zuwa su sayi lasin Najeriya ta bayan fage don su riƙe biyu kuwa, ku daina, suna duba lamba a kwamfuta, in ba ta fito ba laifinka ya tashi daga na hanya ya koma na jabu.

Sauran ƙanana ne amma suna kwana da mutum a iyaka. Suna ya zama iri guda a permi da kartidantite da fasfo, in nan Mahamadou can Mamane, ka gyara tun kana gida. Hotokofi ba permi ba ne, hoton cikin salula ma haka. Karne jon na allurar shawara, kullum sai an samu wanda ya bar shi aljihun wata riga. Bizit teknik da kartigiris ku dubi kwanan watansu kafin a yi lodi, ba bayan an ɗaure tanti ba. Kart burun kuma, wato takardar asurans ta SEDEYAWO, tunda Nijar da Mali da Burkina suka fita SEDEYAWO ranar 29 ga Janairu 2025, ni duk tafiya sai na sa mai asurans ya nuna mani da yatsa ƙasashen da takardar ta rufe, ba na yarda da "ai ba matsala Alhaji". Lodi fiye da kima, dokar ƙungiyar ƙasashen sefa ta UEMOA mai lamba 14 ta 2005 tana nan, sikelin hanya bai san kai baƙo ne ba.

Takarduna duka cikin jakar fata guda suke, ina rataye da ita ƙarƙashin riga ko masallaci zan shiga, ba na barin su cikin mota wurin aparanti. Kofi guda na gida wurin uwargida, guda wurin maigida. Tun da motocin Lome suka koma bi ta Burkina cikin ayari da rakiyar soja saboda gadar Gaya ta iyakar Bene a rufe, wanda takardarshi ta ɓace a tsakiyar hanya ba mai tsayawa jiranshi.

Jiya yaron nan na uku ya dawo, wannan karon muryar ta Kanada ce. Na aika gida aka ɗauko mani littafin nan mai ruwan toka da wasiƙar mai tambari uku, har yanzu suna ƙasan akwati, na miƙa mashi. Ya juya su ya juya, ya ce Baba nawa ka biya. Na gaya mashi. Ya yi shiru, can ya ce zai yi tunani. Na lura dai bai goge muryar ba.