Kurakuran da aka fi yi a kan injin murɗa sifirin katifa, da yadda ake gyara su

Katifar sifirin ba ta tona asirin wanda ya yi ta a ranar da aka saye ta. Sai an yi watanni ana kwanciya a kanta sannan tsakiya ta lotsa, ko ta riƙa ƙara in an juya, ko kan waya ya huda yadi ya soki mai barci. A lokacin kuwa soso da yadi sun rufe komai, babu gyara sai an farke ta gaba ɗaya. A wajenmu katifar soso aka fi sabawa da ita, shi ya sa wanda ya shigo aikin sifirin sau da yawa da ilimin walda ko kanikanci yake zuwa, inda ido da hannu suke wadatarwa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan wayar sifirin dai bai sani ba, kuma yawancin kurakuran da za a gani a ƙasa daga nan suka samo asali.

Iri biyu aka fi yi. Akwai Bonnell, mai siffar kalangu, faɗi sama da ƙasa, siririn ƙugu a tsakiya, da ƙulli a kowane kai. Akwai kuma mai aljihu, wanda kowane sifirin ke cikin jakarsa ta yadi, dabarar da James Marshall ya yi wa rajista a Kanada a 1900. Injinan sun bambanta, ko na kamfanin Spühl na Suwizalan ne ko ɗaya daga cikin na Sin da suka cika kasuwa, amma hanyar ɗaya ce: waya ta warware, ta miƙe, a tura ta, a murɗa, a yanke, a gasa, wato a ba sifirin zafi, matakin da ake kira gashi.

Yarda da takardar da ke jikin waya

Damin waya ya zo da takarda an rubuta milimita 2.2, sai a ɗora shi a kan inji ba a auna ba. Ga abin da ya sa wannan ganganci ne. Ƙarfin sifirin ba ya bin kaurin waya ɗaya bayan ɗaya. Kaurin ake ninkawa da kansa har sau huɗu. Idan aka ba ka waya mai 2.1 a madadin 2.2, bambancin da ido ba zai gani ba, ƙarfin sifirin ya ragu da wajen kashi 17 cikin 100. Idan 2.0 ce, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Katifar da aka sayar a matsayin mai tauri ta koma mai laushi ke nan, alhali ba wanda ya taɓa saitin inji.

Gyaran ba shi da tsada: maikiromita, wato ma'aunin kaurin waya. Kowane sabon dami a auna shi a wurare da dama, kuma a kowane wuri a juya ma'aunin a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren, don wata wayar ba ta kewaye daidai ba, ta ɗan baje. A kula kuma da lambar geji da wasu dillalai ke amfani da ita, domin baya-baya take tafiya: geji 13 ya fi geji 15 kauri.

Kauri kaɗai ma bai isa ba. Wayar sifirin ƙarfe ne mai yawan kabon, kuma dami biyu masu kauri ɗaya suna iya bambanta a tauri. Wanda ya fi tauri yakan buɗe kaɗan bayan an murɗa shi, sai faɗin sifirin ya ƙaru. Don haka duk lokacin da aka canja dami, a ɗauka sabon aiki aka fara, a auna na farko da suka fito. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata kowane ɗan koyo ya iya: a yanko zagaye ɗaya daga damin, a ajiye shi a kan siminti. Idan ya kwanta lafiya, wayar ta yi. Idan kai ɗaya ya ɗaga sama sosai, wayar a murɗe take tun daga inda aka ja ta, kuma za ta wahalar da kai har ta ƙare.

Batun ajiya kuwa a taƙaice: kada dami ya taɓa ƙasa, a ɗora shi a kan katako, a rufe, musamman da damina. Tsatsa tana barin ƙananan ramuka a jikin waya, kuma daga irin waɗannan ramuka karaya ke farawa. Masu shafa wa waya baƙin mai don ta yi sheƙi suna ƙara ɓarna ne kawai: ta riƙa sulɓewa a cikin rolar da ke tura ta cikin inji, ta yi hayaƙi wajen gashi, ta ɓata yadi daga baya.

Matse rola, da taɓa noti uku a lokaci ɗaya

Sifirin ya fara fitowa wani dogo wani gajere. Abin da hannu ke fara kai wa shi ne notin rolar da ke tura waya, a ƙara matsewa. Wani lokaci abin yakan lafa na ɗan lokaci, shi ya sa ɗabi'ar ta ƙi mutuwa. Amma matsi mai yawa yana baje waya, yana yi mata shaida a jiki, yana kuma cinye kwarin rolar da boris ɗinta. Kafin a taɓa wannan noti, a koma baya a bi wayar tun daga tushe. Shin abin warware damin yana juyawa sumul, ko yana fizga? Fizga ɗaya ta isa ta gajarta sifirin. Shin zagayen waya sun hau juna saboda an yanke ɗaurin damin tun kafin a zaunar da shi? Shin kwarin rolar na wannan kaurin ne, ko an bar na aikin jiya? Shin ƙura da garin ƙarfe sun cika kwarin? Sau da yawa goge kwari da burushi ke kawo ƙarshen magana.

Kuskuren da ya fi wannan cin lokaci shi ne gyara abubuwa da yawa tare. Mutum ya taɓa abin saita faɗi, ya taɓa na tazara, ya ƙara matsi, sannan ya kunna. Ko ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, in ya ƙara lalacewa kuma bai san hanyar komawa ba. Noti ɗaya ake juyawa, kaɗan, bayan an yi masa alama da fenti a inda yake. A fitar da biyar ko goma, a bari su huce, a auna tsawo da faɗin baki da faɗin ƙugu. A bari su huce ɗin nan yana da muhimmanci, domin gashi yana ɗan tsuke faɗin sifirin. Wanda ya auna ɗanye ya auna abin da ba shi zai shiga katifa ba.

Abu biyu kuma suna ruɗa sababbi. Faɗin zagaye in ya ƙaru, sifirin laushi yake yi: ƙarin kashi 5 cikin 100 a faɗi yana rage ƙarfi da wajen kashi 14. Haka yawan zagaye. Mutane da dama sun ɗauka mai zagaye shida ya fi mai biyar ƙarfi tunda ya fi cin waya. Akasin haka ne. Da waya ɗaya da faɗi ɗaya, ƙarin zagaye laushi yake ƙarawa.

Wasa da gashi

A ganina nan ne aka fi cutar mai saye, domin laifin ba ya barin alamar da za a gani a shago. Lokacin da inji ya lanƙwasa waya da sanyinta, wani tauri na dole yana maƙalewa a cikin ƙarfen. Idan ba a saki wannan ba, sifirin zai riƙa raguwa a hankali duk lokacin da aka danne shi, ya kasa komawa tsawonsa. Abin da ke sakinsa shi ne zafi, yawanci wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas. A injinan yanzu ba tanda ake sa shi ba. Wasu ƙarafa biyu ne ke kama sifirin su ratsa shi da wutar lantarki na ɗan ƙanƙanin lokaci, ya yi zafi daga cikinsa.

Kuskure ta ɓangare biyu ake yinsa. Akwai masu rage wutar gashi, ko su kashe ta ɗungurungum idan ana kan janareta, wai don a rage shan dizal. Sifirin zai fito da kyan gani, tsawonsa daidai, a haɗa katifa a sayar, bayan watanni ta dawo da rami. Kuɗin dizal ɗin da aka tsira da shi ba zai biya katifa ɗaya da aka dawo da ita ba, balle sunan shago. Akwai kuma masu ƙara wuta fiye da kima suna ganin ƙarin zafi ƙarin ƙarfi ne. Zafi in ya wuce iyaka ƙarfen laushi yake yi, ya rasa taurin da aka saye shi dominsa.

Launi yana taimakawa: ƙarfe mai tsabta yakan tashi daga ruwan ƙasa-ƙasa zuwa shuɗi yayin da zafi ke hawa a wannan tsakanin. Amma abin da aka shafa wa waya a masana'anta yana iya ɓoye launin, saboda haka kada a tsaya a nan. A ɗauki sifirin da ya huce, a auna tsawonsa, a danne shi har ƙasa sau da yawa, a sake aunawa. In da hali a matse wasu a bar su su kwana. Wanda aka gasa da kyau kaɗan zai rasa, sannan ya tsaya cik. Ɗanye kuwa sai ya yi ta raguwa. A riƙa duba bakin ƙarafan da ke kama sifirin. In sun yi datti ko sun cinye, wuta ba ta wucewa sosai, sai tartsatsi ya riƙa ƙona wayar a wurin kamun, ya bar tabo baƙi. Wannan tabon wurin karaya ne. Sannan duk wanda ya canja kaurin waya ko ya ƙara gudun inji, dole ya sake saita gashi.

Ƙulli, wuƙa da ɗinki

Ƙarar da katifa ke yi ƙiiƙii galibi daga ƙullin Bonnell da bai kama ba take zuwa, ko daga siririyar wayar nan mai murɗi, mai wajen milimita 1.3 zuwa 1.4, da ke ɗinke layi da layi. A kama ƙulli da yatsa a gwada zame shi; in ya motsa, a tsayar da inji. A tabbatar an lanƙwashe ƙarshen kowace siririyar waya, in ba haka ba za ta warware da kanta ta fito ta gefe. Wuƙar yanka in ta dakushe takan bar kaifi a kan waya, kuma a sifirin mai aljihu wannan kaifin ne ke yage jaka. Ba a jiran wuƙa ta karye kafin a wasa ta ko a canja.

Jakar kanta ba zare ke ɗinke ta ba, girgiza ce mai tsananin sauri ke narkar da yadin roba ya manne. A ja mannin da hannu a farkon kowane aiki. In ya buɗe cikin sauƙi, bai kama ba. In ya huje ko ya yi ƙauri, ya wuce.

Wuta, iska da ƙura

Injinan nan wuta mai layi uku suke sha, bolt 380 zuwa 415. Bayan an gyara janareta ko an taɓa waya a akwatin wuta, layi biyu suna iya musanya, mota ta juya baya. A gwada da maɓallin tafiya kaɗan-kaɗan, ba tare da waya a ciki ba, kafin a saki inji. In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a cire sifirin da ya maƙale, a juya inji da hannu zuwa mafari, a zubar da na farko da suka fito don gashinsu bai cika ba. Mai sayen tsohon inji daga Amurka ya sani cewa wutarsu mai bugu 60 ce a daƙiƙa, tamu 50, don haka motar za ta yi ƙasa da gudun da aka rubuta.

Kwamfiresa, wato abin da ke ba inji iska mai matsi, yana tara ruwa a tankinsa. A buɗe ƙasansa kullum a zubar, a kuma tabbatar agogon matsin iska yana wajen bar 6 ko abin da littafin inji ya ce. Da hunturu, giris mai yawa da ƙura in sun haɗu sai su zama abin goge ƙarfe. A share tsoho kafin a sa sabo, kuma a goge idon na'urorin da ke gane wucewar sifirin da ƙyalle mai laushi.

Hannu a cikin inji

Inji mai fitar da sifirin 60 zuwa 80 a minti ɗaya ba ya ba mutum damar janye hannu. Danna maɓallin tsayawa bai isa ba in za a zura hannu: a kashe babban makunni, a sa masa kwaɗo, makulli a aljihun mai gyara, a kuma saki iskar da ta rage a bututu. Riga mai faɗin hannu, gyale, carbi a wuya, duk a ajiye su a ƙofa. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar dami, amma kusa da rola ita ce ke jan yatsu ciki. Lokacin yanke ɗaurin dami a riƙe kan wayar, a tsaya a gefe, da tabarau na kariya a ido, domin takan yi bulala. Ƙarar da ta kai desibel 85 ta tsawon awa 8 tana cin ji a hankali, abin toshe kunne kuwa ba shi da tsada.

Wajen miƙa aiki, kada a tsaya a kan "Oga, komai lafiya". A ajiye littafi a gefen inji, a rubuta lambar dami, kaurin da aka auna, saitin gashi, tsawo da faɗin sifirin, da notin da aka taɓa. A ɗaure sifirin ɗaya da ya yi daidai a rataye shi da kwanan wata a jiki, mai karɓar aiki ya gwada nasa na farko da shi kafin ya ci gaba.