Idan an hana ɗanki gurbi a lakwal saboda nakasa

Ƴar uwa, in darakta ya ce "babu wuri ga irin wannan yaro", kada ki juya gida da hawaye. Dokar ilimi ta Nijar ta 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, kuma tun 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa.

Da farko, tattara takardu: takardar haihuwa da ta likita mai bayyana halin yaron, kurma ne, makaho ne ko gurgu. Ki yi musu kwafi, na asali su zauna a hannunki.

Sai ki koma wurin darakta tare da mahaifin yaron ko wani dattijon unguwa. Ki yi magana cikin ladabi, amma ki nemi a rubuta miki dalilin ƙin karɓarsa, da kwanan wata. Wannan matakin ne na fi so ki riƙe da kyau, domin maganar baki iska ce. Sau da yawa ma matsalar ƙarama ce: a zaunar da shi bencin gaba inda zai ga bakin mushe, ko a sauya masa aji marar matakala.

In abin ya ci tura, kai kuka ga kwamitin gudanar da makarantar, wanda aka fi sani da COGES, sannan ofishin sufeton firamare na yankinku. Daga nan sai ofishin ilimi na jiharku. Ƙungiyar masu nakasa ta garinku za ta iya ba ki mai rakiya.

Ki fara tun Satumba, kafin a buɗe azuzuwa a Oktoba.