Yadda za ka maida tsoffin diyapo cikin ordinatar: kamara ko sikana?

Jama'ar Damagaram, in kun tarar da kwalin diyapo (ƙananan hotunan fim da ake haskawa a bango) na tsoho a gida, irin na hawan sallah ƙofar fada a Birni ko na kasuwar Dole, kar ku bari zafi ya cinye launinsu. Hanya biyu ce, kuma ni kam na fi son kamara.

Diyapo ɗin fim ne na 35mm, hoton ciki 24 da 36 milimita. Ka samo kamara mai lens ɗin makro 1:1 (mai ɗaukar ƙaramin abu daga kusa-kusa, a ainihin girmansa), ka kafa ta kan ƙafa uku tana kallon ƙasa, ka sa fitilar LED mai faɗi da farin haske a ƙarƙashin diyapo, amma ka ɗan ɗaga shi daga kan fitilar. Gefe mai sheƙi shi zai kalli kamara, in ba haka ba rubutu zai fito a juye, rawanin dogari ma ya koma ɗaya gefen. Sa ISO 100, f/8, ɗauka da RAW (ɗanyen hoto da kamara ba ta gyara ba), ka saita fokas da hannu har ka ga ƙwayoyin fim ɗin, sannan ka sa taima ta sakan 2 don kar hannunka ya girgiza ta. In komi ya zauna, kowane diyapo 'yan sakan ne kawai, kuma in fitilar ma ta batir ce kamar kamarar, ko an ɗauke kuran aikinka na tafiya.

Sikana kuwa, kamar Plustek OpticFilm 8200i, ɗaya-ɗaya take ci, kowane sai ka jira mintoci, kuma dole ordinatar na kunne. A 4000 dpi (yawan ɗigo a kowane inci) za ka samu kusan megafiksel 21. Inda ta fi kamara shi ne infirared, wani haske da ido ba ya gani, da shi ita da kanta take gano ƙura da ƙarce ta share, kuma wallahi duk wanda ya san hunturun Zinder ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, da kamara sai ka zauna kana goge ɗigo-ɗigo da hannu har ido ya yi ja. Sai dai duba sunan fim a ɗan kwalin da ya kewaye diyapo ɗin tukuna, in an rubuta Kodachrome to kashe infirared ɗin, yana rikicewa ya ɓata hoton. Ektachrome ba matsala.

Ko wacce ka zaɓa, rufe taga, hura ƙurar da ɗan famfon roba, banda baki, banda gefen riga. In diyapo ɗari biyar ne yi su duka da kamara, ka ware goma ko ashirin da suka fi shiga ranka ka kai wa sikana.